Ryzen 7 9800X3D: ƙara masa gudu ya kai a sha wahalarsa kuwa?

Mai_Gem_Kano ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan firosesa ciki da waje, don ina tunanin komawa kansa. Abin da ke cikin akwatina yanzu shi ne Ryzen 5 7600, madabod B650, RAM DDR5-6000 CL30 sanda biyu masu 16GB kowace, katin girafik RTX 4070 Super, sikirin 1440p, da fawa sufulai mai wat 750. Yawancin abin da nake yi gem ne, sai ɗan tace bidiyo a DaVinci Resolve.

Ana ta cewa 9800X3D shi ne X3D (jerin firosesocin AMD masu ƙarin kash) na farko da AMD ta sakar wa mara, wai za a iya ƙara masa gudu yadda aka ga dama. Har ina ake iya kai shi ba tare da an cutar da shi ba? Wane saiti ake taɓawa a BIOS, kuma da wanne ake farawa? Sannan ɗakin da kwamfutar take ba AC, fanka ce kawai, kuma kun san yadda bazara take a nan. Na'urar sanyaya ta iska za ta riƙe shi, ko dole sai mai ruwa?

Injiniya_Tudun_Wada ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Bari mu fara da dalilin da ya sa aka buɗe shi, don daga nan ne za ka gane iyakarsa.

A 5800X3D na 2022 da 7800X3D na 2023, ƙarin ma'ajiyar kash mai 64MB, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin firosesa, a saman ƙwayoyin aikin aka ɗora ta. Tamkar an lulluɓa musu bargo ne: zafin da suke fitarwa sai ya ratsa ta kafin ya isa murfin ƙarfe. Shi ya sa AMD ta rage musu gudu, ta kulle ninkin agogo, ta tsayar da iyakar zafin 7800X3D a digiri 89. A 9800X3D, wanda ya fito ranar 7 ga Nuwamba 2024 a kan dala 479, an juya tsarin. Kash ɗin ya koma ƙasa, ƙwayoyin takwas suka hau sama kusa da murfi. Gudun tushe ya tashi daga 4.2 GHz zuwa 4.7, na ƙololuwa daga 5.0 zuwa 5.2, iyakar zafi ta koma 95. Jimillar kash na L3 tana nan a 96MB, TDP, wato ma'aunin zafin da aka tsara shi a kai, ma wat 120.

To amma yi lissafi da kanka. Hanyar da aka fi bi, wato Precision Boost Overdrive (PBO), iyakar abin da take ƙara maka 200 MHz ne. Daga 5.2 zuwa kusan 5.4 kenan, bai cika kashi 4 cikin ɗari ba. A gem kuwa ba duka kashi 4 ɗin za ka gani ba, domin a 1440p da 4070 Super katin girafik ne yake fara cika kafin firosesa a yawancin manyan wasanni. Ribar gaske tana cikin sauyin daga 7600 zuwa wannan: 32MB na kash ya koma 96MB, kuma abin da hakan yake gyarawa shi ne faɗuwar firem kwatsam a wurin da jama'a suka yi yawa a gem. Za ka ji bambancin sosai a Microsoft Flight Simulator, Baldur's Gate 3, Assetto Corsa Competizione da Counter-Strike 2. Ita kanta AMD cewa ta yi ya fi 7800X3D da matsakaicin kashi 8 a gem, don haka mai 7800X3D ba shi da dalilin gaggawa. Kai mai 7600 kana da shi.

Ga yadda za ka bi saitin, kuma kada ka tsallake tsarin.

Kafin ka cire tsohon firosesa, sabunta BIOS zuwa na baya-bayan nan da ke shafin kamfanin madabod ɗinka. B650 tana karɓar 9800X3D, amma sai da BIOS da ya san shi. In ka manta har ka riga ka saka, yawancinsu suna da maɓallin Flashback a baya, sai ka sa fayil ɗin a filashi da aka tsara da FAT32. Bayan ka saka sabon, tashin farko zai iya ɗaukar mintuna da baƙin allo, RAM ce ake horarwa, kada ka kashe.

Sai ka kunna EXPO kawai, wato saitin da ke kai RAM gudun da aka rubuta a jikinta, ka bar komai yadda yake, ka auna. Buɗe HWiNFO64, manhajar da ke nuna zafi da wuta, a gefe, ka gudanar da manhajar gwaji Cinebench R23 na minti 10. Lafiyayyen 9800X3D yana ba da maki kimanin 23,000 a gwajin dukkan ƙwayoyi. Rubuta makin, da zafin Tctl, da wat, da abin da HWiNFO yake kira Effective Clock. Ba tare da wannan ma'aunin farko ba, duk abin da ka canza daga baya hasashe ne.

Daga nan ka shiga AMD Overclocking, Precision Boost Overdrive, ka mai da shi Advanced. PBO Limits ka bar shi a Auto ko Disable. Iyakar kamfani PPT wat 162 ce, TDC amfiya 120, EDC 180, kuma wannan firosesa da wuya ya cinye su, don haka ɗaga su ba ya ƙara maka komai sai haɗari. Scalar ka bar shi 1X. Shiga Curve Optimizer, All Cores, Negative, ka sa 15. Abin da wannan yake yi shi ne rage bolt ɗin da firosesa yake nema a kowane mataki na gudu. Ƙarancin bolt yana kawo ƙarancin zafi, ƙarancin zafi kuma yana barin sa ya daɗe a saman gudunsa. In ya tsaya daram a -15, je -20, sannan -25. Sai bayan ka samu lambar da ta zauna za ka ƙara Max CPU Boost Clock Override zuwa +100, ka sake gwaji, sannan +200. Lura: lambar da ta zauna a 5.2 ba lalle ta zauna a 5.4 ba, sau da yawa sai ka ja baya da maki 5.

Kada ka kwafi -30 ko -40 da kake gani mutane suna nunawa. Kowane guntun silikon da irin rabonsa, kuma da yawa daga masu nuna waɗannan lambobin Cinebench kaɗai suka gwada.

Maman_Ilham_IT ta rubuta:

Injiniya ya gama da ɓangaren firosesa, ni kuma zan ja hankalinka kan RAM, Malam, don nan ne mutane suke ƙona lokaci da kuɗi.

Sandunanka na 6000 CL30 su ne daidai, kada ka sayi wasu. Mai kula da RAM a Ryzen 9000 yana cikin guntun IO iri ɗaya da na Ryzen 7000, bai canza ba. A DDR5-6000 agogon RAM 3000 MHz ne, kuma ana so agogon mai kula da ita, UCLK, ya zama 3000 shi ma. Duba saitin UCLK DIV1 MODE, ka tabbata yana kan UCLK=MEMCLK. Da yawan madabod in ka haura 6000 suna raba shi biyu da kansu ba tare da sun faɗa maka ba, sai ka ga lamba ta ƙaru a takarda amma jinkiri ya ƙaru a aiki. 6200 ko 6400 a ɗaya-da-ɗaya yana yiwuwa ga wasu firosesocin, wasu kuma ko tashi ba za su yi ba. Kuma X3D bai damu da saurin RAM kamar sauran ba, tunda babban kash ɗin yana rage yawan zuwansa wurinta.

Sandunan su zauna a rami na biyu da na huɗu daga firosesa, A2 da B2. In kana tunanin ƙara RAM saboda DaVinci, sayi sanda biyu masu 32GB ka sayar da na yanzu, kada ka cika ramuka huɗu. A takardar AMD, sanda biyu 5600 ne gudun da aka lamunce, sanda huɗu kuwa 3600.

Abin da ya fi komai muhimmanci: bayan kunna EXPO, duba bolt na SoC, wato wutar da ake ba ɓangaren mai kula da RAM, a HWiNFO. A watan Afrilu 2023 an samu 7800X3D da suka ƙone har da soket saboda wasu madabod suna tura wa SoC wuta fiye da kima, daga nan AMD ta kafa iyaka a 1.30V. Iyaka ce, ba wurin zama ba. Don 6000, sa shi da hannu a 1.20V. In ya tsaya, gwada 1.15V. VDD da VDDQ na sandunan ka bar su a abin da ke rubuce a jikinsu, galibi 1.35V ko 1.40V. FCLK, agogon layin da ke haɗa ƙwayoyi da guntun IO, ya zauna a 2000. Za ka iya gwada 2067 ko 2100, amma in ya wuce ƙarfinsa ba lalle ya faɗi ba, gyaran kuskure zai riƙa yi a ɓoye, sai ka ji sauti yana kakkatsewa ko makin gwaji ya ragu.

Akwai saitin tREFI da ake yawan cewa a kai shi 65535. Gaskiya yana rage jinkiri, amma yana nufin ana daɗewa ba a sabunta cajin ƙwayoyin RAM ba, kuma da zafi suke saurin zubar da cajin. A ɗaki mai sanyi ba matsala. A ɗakin da ba AC a watan Afrilu, ga katin girafik yana huro iska mai zafi kan sandunan, za su haura digiri 55 cikin sauƙi, kuskure ya fara shigowa. Kai dai ka tsaya a 32767 ko ƙasa, ko ka sa ƙaramar fanka tana hura su kai tsaye. Gwajin RAM kuma a yi shi da TestMem5 ko OCCT alhali katin girafik yana aiki, don zafin cikin akwati ya kai yadda yake kaiwa lokacin gem.

Ɗan_Sabon_Gari ya rubuta:

Ina girmama Injiniya, amma a ganina ya rage wa firosesan nan daraja. +200 iyakar PBO ce, ba iyakar silikon ba. Ninkin agogo a buɗe yake, mutum zai iya kafa dukkan ƙwayoyi a gudu ɗaya da bolt ɗaya. Sannan akwai madabod masu janareton agogo na daban, eCLK, waɗanda suke barin ka ɗaga agogon tushe na ƙwayoyin kaɗai daga 100 zuwa 103 ko 104 ba tare da ka taɓa na PCIe da RAM ba. 5.4 sau 1.04 ya haura 5.6 GHz. Haɗa wannan da Curve Shaper, wanda Zen 5 ya zo da shi, mai barin ka gyara bolt a matakan gudu biyar da matakan zafi uku, wuri 15 kenan, sai ka ƙara wuta a ƙololuwa kaɗai ka rage a tsakiya. Ga mai buga Counter-Strike 2 a 1080p da sikirin 360Hz, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma tunda ya ambaci DaVinci, a faɗa masa gaskiya: ƙwaya takwas ƙwaya takwas ce. 9950X mai ƙwaya 16 yana haura maki 40,000 a R23. In tace bidiyo ne abincinsa, 9900X ko 9950X3D da ya fito a Maris 2025 ya kamata ya duba.

Injiniya_Tudun_Wada ya rubuta:

Maganarka kan eCLK gaskiya ce, ɗan'uwa, sai dai ba ta shafi mai tambaya ba. Janareton agogon nan a manyan madabod X670E da X870E ake samun sa, da wuya B650 ta talaka ta zo da shi. In ya ɗaga agogon tushe, BCLK, a madabod da ba ta da shi, komai ne zai tashi tare, har da layin da diskin NVMe yake kai. Abin da ke biyo baya shi ne diski ya ɓace daga BIOS ko fayiloli su lalace. Wannan asarar ta fi ƙarfin firem biyar.

Kafa gudu ɗaya da bolt ɗaya kuwa, ban ba shi shawara ba ko kaɗan. Da zarar ka yi haka ka cire hannun Precision Boost, wanda shi ne yake janye bolt da kansa idan nauyi ya yi yawa. Zen 5 na tebur yana gudanar da AVX-512, wato umarnin lissafi masu nauyi, da cikakken faɗinsa. Saitin da yake lafiya a gem, in wata manhaja ta jefo masa irin wannan aikin, amfiya da zafi za su yi tsalle cikin daƙiƙa, kuma babu mai rage su sai kariyar ƙarshe da ke kashe na'ura. Da PBO, firosesa yana sauka da kansa ya ci gaba da aiki.

Scalar ma haka. 10X yana sassauta ma'aunin da firosesa yake kare tsawon ransa da shi, yana barin bolt mai yawa ya daɗe. Abin da ake samu 'yan MHz ne. A 2025 an yi ta kawo rahoton 9800X3D da suka mutu, akasarinsu a madabod na ASRock, kamfanin kuma ya fitar da sabon BIOS da ya rage saitin PBO. Ko wace madabod gare ka, darasin ɗaya ne: sabon BIOS, iyakar wuta ta kamfani, SoC ƙasa-ƙasa. A tuna kuma, a ƙa'idar AMD kunna PBO yana fitar da kai daga garanti, ga shi wanda ya sayo daga waje mayarwa ma wani aiki ne.

Batun DaVinci na yarda da kai rabi. Resolve ya fi jingina da katin girafik wajen kala da ifekt, kuma ya ce ɗan tacewa yake yi. Daga ƙwaya shida na Zen 4 zuwa takwas na Zen 5 ci gaba ne babba a gare shi. Abin da zai kiyaye shi ne saitin da Gigabyte take kira X3D Turbo Mode, ASUS kuma Turbo Game Mode. A wannan firosesa abin da yake yi shi ne kashe SMT, wanda ke barin kowace ƙwaya ta riƙe zaren aiki biyu, sai zare 16 ya koma 8. Wasu gem suna ɗan ƙaruwa, amma fitar da bidiyo zai yi tafiyar hawainiya. A bar shi a kashe.

Mai_Gem_Kano ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, na fahimta. Saura biyu. Ta yaya zan tabbatar -20 ɗin ta zauna da gaske, tunda kun ce Cinebench bai isa ba? Sai maganar sanyaya da ba a taɓo ba.

Baban_Khalifa ya rubuta:

Amin, Malam. Dalilin da Cinebench bai isa ba shi ne, Curve Optimizer da ya yi yawa ba a babban nauyi yake fara nuna kansa ba. Idan dukkan ƙwayoyi suna aiki gudu yana ɗan sauka, bolt ya wadatar. Matsalar tana fitowa ne lokacin da ƙwaya ɗaya ta yi tsalle zuwa ƙololuwa daga hutu, ko lokacin da kwamfuta ba ta yin komai. Shi ya sa za ka ga na'ura ta wuce awa guda a gwaji, sannan ta sake tashi da kanta ana kallon YouTube.

Maganinsa CoreCycler. Yana ɗaukar Prime95 ko y-cruncher ya ɗora wa ƙwaya ɗaya-ɗaya bi da bi. Fara da Prime95 a yanayin SSE, don shi ne mara nauyi da ke barin gudu ya kai sama, ka bar shi ya kwana. Washegari y-cruncher, musamman gwajin VT3, na awa biyu. In ƙwaya ta 3 ce ta faɗi, ba sai ka hukunta duka ba: mai da Curve Optimizer zuwa Per Core, ka rage wa ita kaɗai maki 5, daga -20 zuwa -15, ka maimaita. Galibi ƙwayoyi biyun da HWiNFO ya nuna su ne mafiya kyau su ne ba sa jure ragi mai yawa, domin tun daga kamfani an riga an ba su bolt kaɗan. Bayan haka ka yi amfani da kwamfutar yadda ka saba na kwana uku, ka riƙa leƙa Event Viewer kana neman WHEA-Logger lamba 18 ko 19, wato rahoton kuskuren kayan na'ura. Ko ɗaya ka gani, ja baya.

Duba kuma Effective Clock. In Core Clock yana nuna 5400 amma Effective yana ƙasa da shi da fiye da 50 alhali nauyi ya cika, firosesa yana miƙe agogonsa ne don kada ya faɗi. Alamarsa ita ce lamba ta yi kyau, maki ya ragu. Idan kuma na'ura ta ƙi tashi gaba ɗaya, cire wuta, haɗa allurai biyu na CLR_CMOS da bakin sukuddireba na daƙiƙa 10, komai zai koma na kamfani. Ajiye saitinka a Profile na BIOS kafin kowane canji.

Wani abu da ya shafe mu nan: Kernel-Power 41 da Windows take rubutawa idan na'ura ta mutu ba shiri, iri ɗaya ne ko firosesa ne ya faɗi ko wuta ce ta yi ƙasa. Ba tare da UPS ba, ba za ka taɓa sanin wanne ne ba, sai ka yi ta rage saitin da ba shi da laifi. Kwamfutarka a gem ba za ta wuce wat 400 zuwa 450 ba, tunda katin 220 yake ci, firosesa kuma yawanci ƙasa da 100. UPS mai 1500VA da ke fitar da tsantsar igiyar sine ya wadatar har da sikirin. Sabunta BIOS ma kada ka yi shi sai a kansa ko a kan inbata.

Sanyaya kuwa, babu na'ura a cikin kwalinsa, kuma ƙaramar Wraith Stealth da ta zo da 7600 ba za ta riƙe shi ba. Mai hasumiya biyu irin Thermalright Peerless Assassin 120 ko Phantom Spirit 120 ta isa. Sai dai ka riƙe wannan lissafin: masu gwaji a Turai da Amurka a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25 suke aunawa, kuma duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, firosesa ma kusan ɗaya yake ƙaruwa. In sun ga 80 a cikakken nauyi, kai a ɗaki mai 37 kana bakin 95. A gem ba za ka kai nan ba, a fitar da bidiyo za ka kai. Ruwa ma bai fi ƙarfin wannan lissafin ba, don lagireto ba ya sanyaya ruwa ƙasa da iskar ɗakin. Mai ruwa na 360mm irin Arctic Liquid Freezer III zai rage maka wasu digirori, musamman da yake ana ɗaura shi a ɗan gangare zuwa ƙasa inda ƙwayoyin AM5 suke, amma ya zo da famfo da zai iya mutuwa, kuma ƙurar hunturu tana toshe siraran haƙoran lagireto da sauri fiye da na hasumiya.

Don haka a ɗakinka, ragin bolt ya fi ƙarin gudu amfani. Sa Platform Thermal Throttle Limit a 85, Curve Optimizer a abin da gwaji ya tabbatar, ka bar +200 sai lokacin sanyi in kana so, ka ajiye Profile biyu. Man zafi ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya da ƙanana huɗu a kusurwa, ka ɗaure sukurori a gicciye, rabin juyi-rabin juyi, kuma ka tabbata ka ɓare ledar da ke ƙasan ƙarfen. Fanka biyu ko uku a gaba masu shigo da iska ta bayan raga, ɗaya a baya mai fitarwa, don iskar da ke shiga ta fi mai fita yawa, ƙura ba za ta riƙa kutsowa ta kowace kafa ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu a wanke ragar duk mako biyu, a busa hasumiyar da bulowa ana riƙe da fankar da yatsa don kada ta juya.